Filin Anti: Ranar da Na Yi wa Jakin Baba Aski



Ina aji 2 a sakandare, wata bazara ana zafin nan na Afrilu, na tarar da jakin Baba yana haki a turke. Wai ni mai tausayi, na ɗauko almakashin Inna na aske masa gadon baya tas. Wayyo ni! Kwana 3 akumari ya goge fatar, miki ya buɗe, ƙudaje suka yi caa. Sati 2 Baba bai yi jigilar yashi ba, kuɗin makarantata ma sai da aka ranto.

Bai dake ni ba, cewa ya yi, "Uwata, ai gashin nan rigarsa ce, shi ke tare masa rana da ƙuda."

Turawa kan aske dawakinsu, amma galibi da hunturu, saboda gashin yana yin kauri, gumi ya ƙi bushewa bayan aiki. Na dabbobinmu gajere ne. Inuwa, ruwa da hutun tsakar rana kawai suke bukata.

Don haka ƙanwata, ko jaki za ki tausaya wa ko masoyi, fara tambayar manya tukuna.

Sai fitowa ta gaba.

Taku har kullum, Anti.