Ra'ayinmu: Ƙaramar Ƙafa a Motar Tsere

'Yan'uwa ɗalibai, masu sha'awar motar tsere sukan ɗauka babbar ƙafa ita ce gwaninta. Mu dai ba mu yarda ba. Ai da wili mai inci 10 Mini Cooper S ta cinye gasar Monte Karlo a 1964. Ƙaramin wili ba nauyi, tayarsa mai tudu kuwa tana shanye gargada, mota ta kama hanya sosai. Amma fa a kwana gefen tayar yakan lanƙwashe, sitiyari ya yi nawar amsawa. In kuma faɗin ƙafar duka ya ragu, maleji zai nuna gudun da ya wuce na gaskiya. Abin da ba mu lamunta ba shi ne a rage faifan birki don wili ya shiga.