Ina Isnadin Saƙon WhatsApp?

A Islamiyyun Gyadi-Gyadi da Tarauni muna koya wa yara cewa hadisi ba ya inganta sai an binciki isnadinsa: wa ya ruwaito, daga wa, amintacce ne? To me ya sa da zarar sun ɗauki waya, "an ce" ta wadatar?

Mun ga illar "an ce". A 2003 jita-jita ta tsayar da rigakafin shan-inna a Kano, cutar ta sake bazuwa. A Agustan 2014 saƙon waya ya sa 'yan Najeriya shan ruwan gishiri wai maganin Ebola, har aka rasa rayuka.

Malamai, haddar amsar jarrabawa ba ta isa ba. Ku kawo saƙon WhatsApp aji, ku sa ɗalibi ya nemo isnadinsa. In bai samu ba, kada ya tura.