Na'ura biyu a gida ɗaya, ba su ga maciji da juna

Maganarmu ta yau ta shafi wani baƙo da ya shigo gidajenmu ba da sallama ba, har ya samu wuri ya miƙe ƙafa, wato kwamfuta, wadda mu nan Nijar muka fi kira ordinater. A ƙasar Adar da wuya ka ga wanda ya shiga kanti ya saye ta sabuwa cikin kwalinta. Ko dai ɗan bida ya zo da ita daga Abijan ko Libiya, ko a sayo ta hannu na biyu a Konni ko Sakkwato, ko kuwa wani ɗan'uwa ma'aikaci ya yi sabuwa ya aiko da tsohuwar gida. Saboda haka idan Allah ya haɗa guda biyu ƙarƙashin rufi ɗaya, sai ka tarar wannan da Faransanci take magana, waccan da Ingilishi, kuma tsakanin haihuwar wannan da ta waccan akwai shekara goma sha biyar ko ashirin.

Bayan girbin bara na je Bambeye gaida yayana, wanda shi ne ke riƙe da lissafin wani ɗan bankin cimaka na unguwarsu. Duk wanda ya san karkara ya san nauyin wannan aiki. Lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, kafin sabon hatsi ya nuna, ana ba magidanta tiya kaza, su mayar bayan girbi, kuma abin da ke hana husuma tsakanin maƙwabta shi ne a ce an rubuta. Yaya ya daɗe yana rubuta nasa cikin wata tsohuwar na'ura mai Windows XP, wadda ke shan wuta daga faifan hasken rana da batir. Ɗiyarsa kuwa, da ke karatu a jami'ar Tawa, ta zo hutu da tata ta hannu mai Windows 11. Tsohuwar ta fara ɗauke numfashi, tana mutuwa tsakiyar aiki, sai suka yi shawara su kwashe lissafin su mai da shi cikin sabuwar tun kafin a yi da-na-sani. Suka haɗa su da igiyar rezo, suka kwana biyu suna fama, ko wace na'ura ta ƙi ganin ƴar'uwarta.

Aka kirawo wani yaro mai gyara daga Tawa. Ya duba, ya ce magani biyu ne: ko ya buɗe wata tsohuwar ƙofa da ke rufe cikin sabuwar na'ura, nan take su ga juna, ko kuwa ya wanke tsohuwar ƙal, abin da suke kira formataj, ya zuba mata wani Windows. Na iso ana cikin wannan shawara. Yaya ya ce mini: "Kai da ke zaune birni, wanne za mu ɗauka?" Na ce: "Yaya, a yi mini haƙuri, kada a ɗauki ko ɗaya." Dalilan da na ba shi ran nan su ne nake son in shimfiɗa a nan, domin na tabbata gidaje da ofisoshi da yawa na jihar Tawa suna cikin irin wannan hali.

Da farko ya kamata a sani babu wadda ta lalace cikin na'urorin nan ta wajen rezo. Idan kwamfuta biyu masu Windows za su miƙa wa juna takarda, akwai wata ƙa'idar magana da suke bi, sunanta SMB. An ƙago ta tun farkon shekarun 1980 a kamfanin IBM, daga baya Microsoft ya ɗauke ta ya yi ta ƙari a kanta. Windows XP, wadda ta fito a 2001, zubin farko kaɗai ta iya. Zubi na biyu ya zo da Windows Vista, na uku kuma da Windows 8 a 2012. Shekaru da dama sababbin na'urori suna jin tsohon yaren, suna amsa wa tsofaffi da shi, shi ya sa mutane ba su lura da akwai bambanci ba.

Abin da ya sake al'amari ya faru ran 12 ga watan Mayu na 2017. A ranar wata ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu cikin ƙasashe fiye da 150, tana kulle takardun mutane, tana neman fansar dalar Amurka 300 kafin ta sake su. Asibitoci da yawa na Ingila suka koma sallamar marasa lafiya, kamfanin motoci na Renault ya tsai da aiki a wasu masana'antunsa na Faransa. Ta ina ta shiga? Ta wani rami da ke cikin wannan zubin farko na SMB, kuma ba ta bukatar kowa ya danna kome, ita ke tsallakawa da kanta daga na'ura zuwa na'ura. Tun daga Windows 10 ta watan Oktoba na 2017 aka fara fitar da sababbin na'urori da wannan ƙofa a rufe. To ita ce ƙofar da mai gyara ya ce zai buɗe. Gaskiya ne, da ya buɗe ta da sun ga juna. Amma wa zai tuna ya rufe ta bayan an gama? Yarinyar za ta koma Tawa da na'urarta, ta haɗa ta da wifi na makaranta da na wuraren buga takardu, kundin ƙarshen karatunta yana ciki. Ita kuwa Windows XP, tun 8 ga Afrilu na 2014 aka daina aiko mata da gyara na yau da kullum. Haɗa su kamar ka kwantar da jariri ne tabarma ɗaya da mai ƙyanda.

Magani na biyu ya fi na farko muni, kuma shi ne ya fi yawa a ƙasar nan. Na ga masu gyara da yawa waɗanda, ko mene ne ciwon na'ura, formataj ne allurarsu. Ba mugunta ba ce, aikin ne ya fi sauri, kuma mai kaya yakan tafi da murna domin na'urarsa ta yi sauƙi. Sai ya isa gida ya nemi hotunan sunan ɗansa, ko takardar cinikin gona da aka sa wa hannu gaban mai gari, ya tarar wayam. Na'urar da ke ɗakin yayana, in an kai ta kasuwa, kuɗinta ba zai sayi tunkiya ba. Lissafin da ke cikinta kuwa amanar magidanta ce ta shekara da shekaru. A ganina duk mai gyaran da ya taɓa na'urar wani bai tambaye shi ba ko yana da kwafin takardunsa a wani wuri, bai san nauyin sana'arsa ba tukuna.

Kada mai karatu ya ɗauka ko da yaushe ne haɗin ba ya yiwuwa. Idan tsohuwar na'urar Windows 7 ce, ta iya zubi na biyu, kuma tana iya magana da Windows 10 ko 11 ba tare da an buɗe ƙofar cuta ba. A nan abubuwan da ke hana ruwa gudu ƙanana ne. Sabuwar na'ura takan ɗauki duk rezon da ba ta sani ba a matsayin na bainar jama'a, ta ɓoye kanta, sai an gaya mata wannan rezon gida ne. Windows kuma ba ta yarda a shigo ta rezo da sunan wanda ba shi da kalmar sirri, mu kuwa mun saba barin na'urar gida ba kalma, don kada tsoho ya manta. Wani lokaci na'urar ba ta bayyana da sunanta, amma in aka kira ta da lambarta ta rezo sai ta amsa. Akwai kuma masu ɓata yini suna neman abin nan da ake kira rukunin gida, wanda ya zo da Windows 7 a 2009, alhali an cire shi daga Windows 10 tun Afrilu na 2018. Wanda ya koyi aikin a zamanin Windows 7 yana neman ƙofar da aka riga aka toshe da laka.

Mu dai a Bambeye kile muka ɗauka, wato ɗan makullin nan na USB. Shi ma yana da nasa sharri. Kilen da ya zaga wuraren buga takardu na birni da wuya ya dawo lafiya, kuma kowa ya san ƙwayar nan mai ɓoye dosiye ta bar gajerun hanyoyi na ƙarya a madadinsu, mai kaya ya yi ta salati yana tsammani an share masa kome, alhali takardun suna nan a ɓoye. Saboda haka muka aika aka sayo sabo, aka kwashe lissafin sau ɗaya, sabuwar na'ura ta bincike shi kafin a buɗe kome. Wani fim na bikin aure ya ƙi shiga duk da akwai wuri, domin tsarin FAT32 da yawancin ƙananan kile ke zuwa da shi ba ya karɓar abu ɗaya da ya kai giga 4. Wannan muka bar shi sai wani jiƙon.

Da takardun suka iso, sai wata matsala ta fito wadda mai gyara bai ambata ba, kuma ita ce ta fi ci mini rai, domin ta shafi harshenmu. Yaya da Hausa yake rubutu, kamar yadda aka koya musu a ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya shirya masa na'urar tun farko ya sa masa wani tsohon zanen haruffa na musamman, irin wanda ake aron gurbin wata alama a zana ƙ ko ɗ a wurin. Muddin takarda tana cikin na'urar da ke da wannan zane, kome daidai. Da ta shiga sabuwar, duk inda aka rubuta Ɗanladi ko Ɓaidu ko ƙauye sai wata alama ta fito wadda ba ta da ma'ana. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, suna da gurbinsu na kansu cikin tsarin duniya na Unicode tun farkon shekarun 1990, kuma wanda ya rubuta da shi, rubutunsa zai fito daidai a Tawa da Kano da Faris. Amma an daɗe ana aiki da waɗancan zane-zanen aro, kuma ina jin tsoron akwai littattafan koyon karatu da rahotannin ƙungiyoyin manoma da yawa da ke kwance cikin tsofaffin na'urori a wannan hali. Ranar da na'urar ta mutu, maɓallin karanta su ya tafi da ita.

Na san abin da wani zai ce: kai malam, kana magana kamar kowa na da kuɗin sabuwar na'ura. Wannan magana tana da ƙarfi, ban kuwa raina ta ba. Ranakun da ake yanke wa na'urori tallafi, a wata nahiya ake sa su, ba a duba damina ko farashin buhun hatsi. Windows 7 an bar ta ran 14 ga Janairu na 2020, Windows 10 kuma tallafinta na kowa da kowa ya ƙare ran 14 ga Oktoba na 2025, kuma na'urori da yawa masu lafiya ba su cika sharaɗin hawa Windows 11 ba. Ke nan waɗanda Turai za ta zubar a shekarun nan, su ne za su sauka kasuwanninmu, rikicin da na gani a gidan yayana kuwa ƙaruwa zai yi. Sai dai ban ce a jefar da tsohuwa ba. Na'urar da ba a haɗa ta da intanet, ba a kuma cusa mata kilen kowa, tana iya yin shekaru tana aikin keken rubutu. Wadda ke da sauran ƙarfi ana iya zuba mata Linux mara nauyi, kyauta ne, kuma ana ci gaba da gyara shi. Abin da na ƙi shi ne a sa sabuwa cikin haɗari domin a faranta wa tsohuwa, ko a share amanar mutane domin a huta da bincike.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan hukuma da malamai. Tun zaɓen 2004 da ya kafa majalisun ƙananan hukumomi, takardun haihuwa da na haraji da na filaye suna ta taruwa a ma'aikatun magajin gari na karkara, cikin na'urorin da wannan mai taimako ya kawo bana, wancan ya kawo baɗi, ko wace da irin nata. A makarantu ana koya wa yara kunna na'ura da buga wasiƙa, ya kamata a ƙara musu da yadda ake ajiye takarda ta yi tsawon rai. Takardar da aka gama, a mai da ita PDF, wanda ya zama ma'aunin duniya a 2008. Wadda za ta koma tsohuwar na'ura, a tuna Word na 2003 ba ya buɗe zubin docx da ya zo a 2007 sai an yi masa ƙari. A duba agogon na'ura, domin idan ɗan batirin cikinta ya mutu takan koma wata tsohuwar shekara, ta buga wa takardar yau kwanan watan da ya wuce, har a rasa wane kwafi ne na ƙarshe. Kuma abin da ya shafi dukiyar jama'a, a buga shi a takarda ko da sau ɗaya a shekara.

Ɗiyar yayana ta yi dare uku tana gyara sunayen nan ɗaya bayan ɗaya, mahaifinta na zaune gefenta da tocila da tsohon littafinsa na hannu, tana karantawa yana cewa wannan Ɗanladi na gabas ne, wancan na bakin rijiya. Sunaye biyu sun gagare su sai da aka aika aka tambayo masu su. Ranar da zan komo ta ce mini: "Baba, in ka shiga Tawa ka buga mana kwafi biyu, ɗaya na Baba, ɗaya na shugaban ƙungiya." Tsohuwar na'urar tana nan a kusurwar ɗaki, an zare mata igiyar rezo, an lulluɓe ta da zane saboda ƙura, kuma Yaya ya ce muddin tana tashi, a cikinta zai ci gaba da rubuta wasiƙunsa.