Cinikin Tsohon Suna

A shekarar 1988, wadda a cikinta birnin Siyol ya karɓi baƙuncin wasannin Olamfik, gidan talbijin na KBS a Koriya ta Kudu ya nuna wani wasan zane mai motsi kashi 13 a kan Hani, marainiyar da ta rasa uwa, uba kuma yana ci-rani a ƙasashen Larabawa. Gudun Hani yana da dalili: baƙin ciki ne ke korar ta, ga fushi da matar da uban ke shirin aure. A 2025 aka tono wasan aka mai da shi fim, aka ɗora kishiyarta a fagen tsere, Na Eri, a matsayin tauraruwa, aka kwashe tseren daga fili zuwa titunan birni. Zane ya yi kyau, ƙafa ta ƙara sauri, amma a ganina abin da ke sa mai kallo ya damu da wanda zai ci tseren ya bi ruwa.

Mai karatu zai ce ina ruwan Bahaushe da 'yar tseren Koriya? Ruwanmu kuwa shi ne, mun riga su kamuwa da wannan ciwo. Kamfanin FKD na Ali Nuhu ya fitar da Mujadala a 2000, a zamanin kaset ɗin bidiyo, a 2018 kuma aka sake shi da sababbin fuskoki irin su mawaƙi Umar M. Shareef. To, me aka sake? Mujadala ta farko ma aro ce daga Dillagi, fim ɗin Indiya na 1999, labarin wa da ƙane da suka kamu da son yarinya guda. Amma aron wancan lokaci yana da uzuri, domin kuwa masana'antar ba ta wuce shekara 10 ba tun fitowar Turmin Danya a 1990, kuma jin irin wannan labari da Hausa, a bakin samarin gida, baƙon abu ne. A 2018 wannan uzuri ya mutu, tunda Algaita da takwarorinta sun riga sun sa jaruman Indiya kansu suna Hausa tiryan-tiryan. Abin da ya rage a sayar shi ne suna, da begen ƙuruciya a zukatan waɗanda suka kalli na farko. Kyamara mai tsada da gidan bene ba su mai da kwafin kwafi ya zama adabi ba.

Na san za a ce ai tatsuniya ma maimaita ta ake yi, kuma Abubakar Imam ya ari labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da wasu wurare ya gina Magana Jari Ce. Haka ne. Sai dai Imam ya narkar da abin aro har ya zama na ƙasar Hausa, ya ƙara masa abin da babu shi a asali. Wanda ya sake tsohon aiki, wajibinsa ke nan. In ba shi da sabon abin faɗi, ya bar matacce ya huta.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne halin da ayyukan asali suke ciki. A wannan shekara ta 2018 ɗin dai, an nuna Shaihu Umar a bikin fina-finai na Balin, wato fim ɗin da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana zaton ya ɓace, sai da aka tsinci faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Ƙasa, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi. Jamusawa fa! Mu kuwa a nan Gombe, ɗalibin da ke son rubuta kundin digiri a kan fina-finan farko sai ya zaga Tsohuwar Kasuwa yana cigiyar kaset, in ya dace ya samu wanda ƙura ta cinye, babu kuma na'urar da za ta kunna shi. Yaya zai auna sabo da tsoho alhali sabon ne kaɗai ke tsaf a gabansa?

A 2024 aka naɗa Ali Nuhu shugaban waccan hukuma, mai ma'ajiyar fina-finai a Jos. Muna jiran ranar da za a sanar da cewa an adana Turmin Danya da Sangaya da Mujadala ta 2000 a can, an tsabtace su, an kuma aiko wa sassan Hausa na jami'o'inmu kwafi.