Wa Ya Riƙe Kano Sa'ad da Sarki Ba Ya Nan?

Duk lokacin da zaɓen Ƙungiyar Ɗalibai ya ƙarato, wata 'yar'uwarmu ta fito neman shugabanci, sai masu da'awar kishin gargajiya su taso da tsohon zancensu: wai al'adarmu ba ta san mace a sha'anin mulki ba. To, wace al'adar? Ta Kano? Bari mu buɗe musu littafin Tarihin Kano, wanda su kansu suke tunƙaho da shi.

Da Muhammadu Rumfa ya rasu a 1499, ɗansa Abdullahi ya hau gado. Abdullahi mayaƙi ne, ya kara da Katsina, ya kara da Zazzau. Yana can fagen fama sai Dagaci, basaraken nan mai asali daga Barno, wanda gidansa ya daɗe da ƙarfi a birni, ya shiga shirin tawaye. Littafin bai ce Galadima ne ya tare wannan fitina ba, bai kuwa ambaci wani barde ba. Madaki Hauwa ya ambata, matar Rumfa, uwar sarki. Ita ta danne wutar da ƙarfin faɗa-a-jinta har ɗanta ya komo ya iske gadonsa, daga baya ya tuɓe Dagaci, ya naɗa bawansa. A zamanin jikanta Muhammadu Kisoki (1509–1565) ma an lissafa ta cikin masu iko a fada.

Abin mamaki, wannan littafin dai shi ya ce Rumfa ne ya fara kulle a Kano. Ashe daga gidan da aka soma kullen aka ceci sarautar!

Kada a zaci begen mulkin fada muke yi. Hauwa ta sami iko ne ta hanyar aure da haihuwa, ƙofar da 'yar talaka ba ta isa ta ƙwanƙwasa ba, mu kuwa ƙuri'a muke magana. Amma abin kunya ne a ce sai a 1979 matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a babban zaɓe, a 2022 kuma Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurin ware wa mata kujeru. Mu nan da muke kiran kanmu 'yan boko, abin da muke ba su bai wuce kujerar mataimakiya ba.

Saboda haka ranar muhawarar 'yan takara, duk wanda ya miƙe ya ce mana "al'ada", sai ya fara faɗa wa zaure sunan wanda ya riƙe birni lokacin da Abdullahi yake bakin daga.