Kafin ku aiko mana da ƙwayar op-amp, ku tambayi mai gyara

Ƙanena da ke aiki a Faransa ya kira ni daf da azumin bara yana murna. Ya ce ya samo maganin amfilifayar masallacin unguwarmu a Birni, wadda ta daɗe tana gurnani kamar injin niƙa duk lokacin da ladan ya ɗauki makirfo. "Yaya, ƙwayar da ke ciki ce tsohon yayi. Na sayi sababbi, a cire a sa su, za ka ji murya tangaran." Bayan mako biyu wani matafiyi ya kawo mini ambulan da wasu baƙaƙen abubuwa guda huɗu a ciki, kowanne bai wuce farcen ɗan yatsa ba, da ƙafafu takwas-takwas.

Wannan ita ce op-amp, wadda masu gyara ke haɗawa da sauran irinta su ce IC. Abin da makirfo ke fitarwa wuta ce 'yar mitsitsiya, 'yan kaso kaɗan cikin dubu na volt ɗaya. Sashen farko na amfilifaya, wato firi-amf, shi ke ɗaga ta zuwa kusan volt guda kafin babban sashe ya tura ta ga lasifika. Ƙwayar nan ce ke wannan ɗagawar. A YouTube da zaurukan masu son sauti na Turai da Amurka, sauya ta ya zama abin yayi: a cire 4558 ko TL072, a sa OPA2134 ko LM4562, sannan a yi ta rantsuwa cewa kiɗa ya buɗe.

Ban raina niyyar ƙanena ba, kuma ban raina ta sauran 'yan uwanmu da ke Aljeriya, Libiya, Kwatano ko Turai masu tuna gida da guminsu ba. Amma ina ganin a Damagaram wannan gyara ne na ƙarshe a layi, kuma sau da yawa asarar kuɗi ne.

Na kai amfilifayar da ambulan ɗin wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a gefen Kasuwar Dole. Ko kallon ambulan bai yi ba. Ya kwance murfi, ya hure ƙurar hunturu da ta yi kauri a kan allo, ya nuna mini manyan kondensa biyu da kawunansu suka kumbura. "Ɗana, ga mai gurnanin nan," in ji shi.

Bayaninsa ya dace da abin da kamfanonin ƙera kondensa ke rubutawa da kansu. Akwai ruwan sinadari a cikinta, kuma zafi na busar da shi. Galibin masu araha an yi musu alkawarin awa 2,000 a zafin digiri 85, kuma duk ragin digiri 10 yana ninka tsawon ransu. To mu yi lissafi. A watan Afrilu da Mayu zafin Zinder kan haura digiri 40 a inuwa. Saka akwatin ƙarfe cikin kabad ɗin da aka kulle saboda ɓarayi, ƙarƙashin rufin kwano, cikinsa zai iya kai wa 65. Wannan awa 8,000 ke nan, alhali shekara guda awa 8,760 ce. Kondensa mai lambar digiri 105 kuwa a wannan yanayin za ta kai awa 32,000. Idan ta bushe, ba ta iya tace wutar da ke shigowa, sai kaɗawar lantarki ta biyo cikin murya. Ko ƙwayar zinariya ka sa, gurnanin yana nan.

Sai batun wutar kanta. Kowa ya tuna Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke lantarkin da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Tun kafin nan ma, kayan sautinmu rabin rayuwarsu a kan ƙaramin janareto ko batir da inbata suke yi, wutar da ke hawa da sauka yadda ta ga dama. Na'urar daidaita wuta mai kyau ta fi kowace ƙwaya amfani a nan.

Akwai kuma abin da masu bidiyon ba su cika faɗa ba: sabuwar ƙwaya tana iya ɓata abin da ke aiki lafiya. 4558 mai sanyin jiki ce, saurinta megahaz 3. LM4562 tana kai wa 55. Ka dasa mai wannan sauri a allon da ba a tsara dominta ba, babu ƙananan kondensa kusa da ƙafafunta na wuta, sai ta shiga yin wani fito da kunne ba ya ji, ta yi zafi, wani lokaci ta ƙona ƙaramin lasifika. Haka idan ka cire TL072 ka sa NE5532, maɓallin ƙara murya na iya fara ƙarce-ƙarce, don yadda suke jan wuta a ƙofar shiga ya bambanta. Ƙafafu takwas iri ɗaya ba ya nufin hali ɗaya. Ga jabu kuma: sananne ne cewa a intanet ana goge lambar ƙwaya mai arha a buga mata suna mai tsada. Mai saye daga nesa ba shi da hanyar ganewa.

A ce ma ta gaske ce kuma ta zauna lafiya. Takardar LM4562 ta ce gurɓata sautin da take yi 0.00003 ne cikin ɗari. Madalla. Amma muryar za ta fita ne ta lasifikar ƙaho da ke kan hasumiya, wadda ita kanta ke gurɓata sauti da kashi ɗaya cikin ɗari ko fiye, ta bi lungunan Birni tana dukan katangun ƙasa da duwatsu. Wane kunne ne zai ji bambancin? NE5532 da ake yi wa kallon tsohuwa, kamfanin Signetics ya fitar da ita a 1979, kuma ɗimbin waƙoƙin da duniya ta saurara a kaset da faifai ta cikin irinta suka ratsa a ɗakunan ɗaukar sauti.

Ban ce sauyin ba shi da gurbi ko kaɗan ba. Matashin da ke da ƙaramin sutudiyo a Zango yana ɗaukar waƙa ko karatu, idan ya buɗe miksarsa mai arha ya tarar da 741, ƙirar 1968, ko LM358 wadda dama ba don sauti aka fi saninta ba, to sauya ta zai rage shuu ɗin da ke bayan murya. Idan LM358 ce, NE5532 ta ishe shi, kuma a sa mata mazauni don a iya cirewa ba tare da an sake narka dalma ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke tsallake masu gyaranmu. Mun fi yarda da baƙon da ke magana daga ɗaki mai sanyi a wata ƙasa a kan mutumin da ya shekara talatin yana buɗe kayan da rana da ƙurar garin nan suka dafa. Dattijon nan ya kuma gano cewa an jona ƙaho huɗu a mafita ɗaya ba tare da lissafin nauyin da amfilifayar za ta iya ɗauka ba, kuma wayar makirfon ba mai rigar kariya ba ce. Ya ja kunnena cewa kada yaro ya sa hannu ciki ko an cire wuta, domin manyan kondensa kan riƙe caji.

Ya sauya kondensa, ya wanke maɓallai, ya raba lasifikan yadda ya kamata, muka sayi sabuwar waya, aka huda kabad ɗin don iska ta shiga. Daren farko na tarawihi murya ta fita tas. Na kira ƙanena na ce idan zai sake aike, dattijon ya ce abin da yake buƙata shi ne mitar gwada kondensa da ƙarfen liƙi mai daidaita zafi. Ƙwayoyin huɗu suna nan cikin ambulan ɗinsu a aljihun teburina.