Lauyan kamfani ya tsaya a dokar jiya, mai gadi ne ke biyan kuɗin

Duk wani babban kamfani a ƙasar nan, banki ne ko kamfanin waya ko ƙungiyar agaji mai ma'aikata da yawa, za ka tarar yana da sashen shari'a. A ciki akwai mutum ɗaya ko biyu da suka karanci doka, wasu a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wasu a jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, wasu a waje. Su ne ke duba kwantaragi kafin darakta ya sa hannu. Su ne kuma ke rubuta takardar sallama in an ga dama a kori mutum. Ma'aikaci ba ya ganin su sai ranar baƙin ciki, shi ya sa ba mu cika maganarsu ba in muna zancen haƙƙin ma'aikata. Kullum darakta muke zagi, ko sufeton ƙwadago da bai zo ba. To yau a wannan shafi kan waɗannan lauyoyi na cikin gida za mu tsaya, da ilimin da suke aiki da shi.

Dokar aiki ta Nijar ba ta zauna wuri ɗaya ba. Kundin da ake aiki da shi yanzu doka ce mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012. Ƙa'idojin aiwatar da ita ba su fito ba sai a watan Agusta 2017, shekara biyar bayan nan. Yarjejeniyar gama-gari tsakanin masu ba da aiki da ƙungiyoyin ƙwadago, wadda aka yi tun 1972, sai a 2022 aka sa hannu kan sabuwa. Mafi ƙarancin albashi, wanda ya daɗe a sefa 30,047, ya koma jikka 42 daga farkon Janairu 2024. Wanda ya gama lisans ɗinsa kafin 2017 bai sake buɗe littafi ba, ka ga abu uku sun wuce shi. Kuma yana nan zaune, yana ciro tsohon samfurin kwantaragi daga kwamfuta, ya canza suna da kwanan wata, ya miƙa a sa hannu.

Ba wai ba sa zuwa ƙaro ilimi ba ne kwata-kwata. Suna zuwa. Amma me ake tura su su koyo? Dokokin kasuwanci na OHADA, yadda ake karɓo bashi, jingina, haraji. OHADA har makaranta gare ta a Porto-Novo ta ƙasar Benin, kuma kamfani ba ya jin nauyin biyan tikitin jirgi da otal don lauyansa ya je ya ƙware kan yadda za a kama kayan wanda ya ci bashi. Nan kuɗi ke shigowa. Ita kuwa dokar aiki har yau ba ta cikin dokokin bai-ɗaya na OHADA, ta ƙasa ce, sai mutum ya bi jaridar gwamnati da hukunce-hukuncen kotu da kansa. Kuma a idon mai kamfani, duk abin da lauya zai koyo a wannan fanni kuɗi ne zai fita daga aljihunsa. Don haka sai a bar shi cikin duhu, kuma duhun yana yi wa maigida daɗi.

Akwai wani giɓi da mutane ba su cika lura da shi ba. Lauya mai tsayawa gaban alƙali yana da ƙungiyar lauyoyi da shugabanta, akwai mai kiransa in ya kauce. Shi kuwa masanin doka da kamfani ya ɗauka yana biyan shi a wata, ma'aikaci ne kamar direba. Ba wata hukumar sana'a da ke tambayarsa yaushe rabonsa da horo. Wanda ke iya korarsa shi ne wanda ya kamata ya gaya wa "wannan ba daidai ba ne". Wallahi ba ƙaramin abu ba ne matashi mai mata da ƴaƴa biyu da haya a Yamai ya dubi darakta ya ce masa a'a. Mun san haka. Amma wanda ya san ayar doka da lambarta da tarar da ke bayanta ya fi samun bakin magana a kan wanda kawai yake jin abin bai dace ba.

Ina kuskuren ke faɗuwa? A kan mai gadi, mai shara, direba, da yarinyar da ke kan akwatin kuɗi. Doka ta ce awa 40 a mako, abin da ya haura a biya shi daban. Ta ba mace hutun haihuwa na mako 14. Ta ce kwantaragi mai wa'adi yana da iyaka, ba a ta sabunta wa mutum shi har ya yi furfura. Ta ce ba a korar wakilin ma'aikata sai da izinin sufeton ƙwadago, kuma in za a rage ma'aikata saboda matsin tattalin arziki sai an zauna da wakilansu an sanar da sufeto. Kundin 2012 ya hana cin zarafin mata ta hanyar neman lalata a wurin aiki, ya kuma hana a nuna wa mutum bambanci don yana ɗauke da cutar sida ko sikila. Wannan na sikila, a ƙasar da kusan kowane dangi ya san ciwon, mutum nawa ne a ofisoshin ɗaukar ma'aikata suka san yana cikin doka?

Wanda ya fi ciwo shi ne na asusun CNSS. Ana cire wa ma'aikaci kashi 5.25 cikin ɗari na albashinsa, kamfani ya ƙara nasa kason ya kai asusu. In ba a yi wa mutum rajista ba, ko an cire ba a kai ba, ba ya ji a jikinsa yau. Sai ranar da inji ya cinye masa yatsu, ko ranar da ya cika shekara 60 ya ɗauki takardunsa ya je neman fansho, a duba a ce ba a ga shekarunsa ba. Lokacin kamfanin wataƙila ya canza suna, darakta ya koma wata ƙasa, lauyan da ya ga abin ya yi shiru ya samu ci-gaba. Sauran kurakurai ana iya gyara su gaban sufeto ko kotun ma'aikata, amma shekara goma sha biyar da ba a zuba wa dattijo ba, da wane ƙarfi zai bi su?

Wasu za su ce ai yawancin ƴan Nijar ba su ma da kwantaragi, suna kasuwa, suna gona, suna kabu-kabu, me ya kai mu ga damuwa da ƴan ofis? Gaskiya ne. Sai dai in kamfanin da ke da sashen shari'a da kwandishan bai bi doka ba, da wane baki za a tunkari mai gidan burodi na Maraɗi ko mai garejin Damagaram? Kuma kamfanonin su ma su yi wa kansu faɗa. A watan Maris 2025 hukumomi sun sallami manyan jami'ai ƴan Cana uku na kamfanonin man fetur daga ƙasar nan, cikinsu har da na matatar SORAZ, kuma daga cikin dalilan da aka bayar akwai ratar albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa. Ko me mutum ke tunani kan yadda aka bi da lamarin, ya nuna zancen ma'aikata na iya girgiza kamfani tun daga sama.

Abin da muke nema ba ya buƙatar sabuwar ma'aikata. Kamfanoni na biyan harajin koyon sana'a, kuma akwai asusun FAFPA da aka kafa don horar da ma'aikata. A ware wani abu daga ciki don lauyoyin kamfanoni da shugabannin sashen ma'aikata su riƙa zama kowace shekara kan dokar aiki, tare da sufetocin ƙwadago da alƙalan da ke yanke waɗannan shari'o'i. A yi shi a Tawa da Damagaram da Maraɗi, kar a tattara komai a otal-otal na Yamai. A sa wakilan ma'aikata a ɗaki ɗaya da su, su ji abu ɗaya daga baki ɗaya, don kar gobe wani ya ce doka ba ta faɗi haka ba. Tsangayoyin shari'a na jami'o'inmu suna da malaman da za su iya wannan aiki. Su kuma CDTN da USTN da sauran ƙungiyoyin ƙwadago su sa maganar cikin takardar koke ta ranar 1 ga Mayu, kusa da maganar albashi.

Ku kuma abokan karatunmu da kuke cikin waɗannan ofisoshi, kar ku jira sai an tura ku. Ku nemi yarjejeniyar 2022 ku karanta, ku ɗauko samfurin kwantaragin da kuke amfani da shi ku gwada shi da ita layi-layi. In kun ba da shawara a rubuce aka ƙi bi, ku ajiye kwafi. Kuma kafin ƙarshen watan nan ku tambayi sashen kuɗi takardar shaidar zubin CNSS ta wata ukun da suka wuce, ku duba ko sunan mai gadi na ciki.